Batir a Kaina, Surukina a Gaba

Surukina ya yi shekara ashirin da wani abu yana kula da injinan ruwa, shekarun ƙarshe a Tiga. Ban taɓa ganin sa a bakin aikin ba, domin lokacin da na auri 'yarsa ya kusa ajiye shi, amma abokan aikinsa sun ce ko a waje yake zaune yana cin goro, in inji ya canza murya sai ya miƙe. Da ya yi ritaya ya koma gidansa a wani ƙauye kusa da Tiga, ta ɓangaren Bebeji, ya tare a lambun da ke bayan gidan. Lambun ba wani babba ba ne. Akwai tsofaffin mangwaro huɗu da ya gada, da gwaiba wadda ba wanda ya shuka ta, da rijiya a tsakiya. Sai lemo sahu biyu da ya dasa da hannunsa shekara biyar kafin abin da zan ba da labarinsa, wanda bai taɓa yin 'ya'ya ba tukuna. Lemon nan shi ne abin da ya fi ji da shi.

Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Kiru, kuma tsakanina da shi gaisuwa ce. In na je gidan, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa da tabarmarsa in ce, "Baba, barka da hutawa." Ya ce, "Malam, ka zo lafiya? Ya yara?" 'Yan makaranta yake nufi, domin namu na gida ba a wurina yake tambayar su ba. In ce lafiya lau, ya ce madalla. Daga nan sai mu kalli ƙasa tare har a aiko in shiga ciki. Shekara shida muka yi a haka, kuma a ganina mun shaƙu ƙwarai.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiyar lambun. Ya yi wata biyu a kwance. Da ya tashi bakinsa ya dawo daidai, ƙafar hagu tana ɗan ja, amma hannun hagu bai dawo ba. Sai ya riƙa ajiye shi a aljihun riga kamar mai laluben goro, kuma ba wanda ya isa ya yi maganar hannun a gabansa. 'Ya'yansa maza biyu suna aiki a nesa. Sun zo sun duba shi, sun koma.

Da ruwan farko ya sauka lemo ya yi sabon toho, ya fara fure, sai ƙwari suka sauka masa. Wasu ƙanana ne baƙaƙe da ke taruwa a bayan sabon ganye har ya naɗe ya yi danƙo. Wasu kuma tsutsotsi ne masu kama da kashin tsuntsu, su cinye ganye su bar jijiya. Baba yana da tsohon famfon goyo, irin wanda ake ɗaura tanki a baya, hannu ɗaya yana buga mariƙi, ɗayan yana riƙe da bakin feshi. Hannu biyu yake bukata, ga shi kuma ya tsufa yana ɗan zuba ta ƙasa. Baba ya ce zubar ce matsalar.

Wata ranar Laraba na dawo daga makaranta, matata ta ce mini, "Baba yana so a kai shi Tudun Wada ranar Asabar, kantin kayan gona."

Na ce, "Ai akwai mota daga Tiga."

Ta ce, "Babur ɗinka ya ce."

"Shi ya faɗa?"

"Inna ta ce ya faɗa."

Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake ɗaukar suruki a babur. Na matsa gaba har ina kan tanki, shi kuma ya ja baya har yana kan kariya, wurin ɗaura kaya, aka bar fili a tsakaninmu wanda mutum na uku zai zauna ya miƙe ƙafa. Da hannunsa mai lafiya ya riƙe ƙarfen baya. Bayan mun wuce Dangora muka faɗa wani rami, sai na ji ya kama rigata ta kafaɗa da yatsa biyu. Na ƙara rage gudu. Na yi ta ragewa har wani mai keke da buhu a baya ya cim mana, ya gaishe mu, ya wuce. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, in babur ɗin ba shi da lafiya a kai shi a duba." Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini wadda ba gaisuwa ba.

Mai kantin tsohon malamin gona ne, mai yawan bayani. Ya fara fito da sabon famfon goyo, ya ɗora a kan tebur yana yabon sa. Baba ya ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa ya ce robar ba ta da kauri. Mai kantin ya kawo wani mai kama da famfon keke, wanda ake sa tiyonsa a bokiti ana turawa ana ja. Baba ya ce wannan na sauro ne. Duka biyun hannu biyu suke so, amma ba wanda ya faɗi haka.

Na ukun yana rataye a bango, ba a ma yi niyyar nuna mana shi ba. Sanda ce doguwa ta roba, mai rami a ciki, ta kusa tsawon mutum. A kanta akwai ɗan ƙaramin inji da wani faifai mai haƙora, girman murfin gwangwanin madara, da kwalba a kife. Batirin tocila takwas ake jerawa cikin sandar. In aka kunna, faifan ya yi ta juyi, magani ya ɗigo masa daga kwalbar, ya tarwatsa shi ya zama kamar hayaƙi.

Mai kanti ya ce, "Baba, wannan don auduga da wake aka yi shi, ba don bishiya ba. Maganinsa ma daban ne, mai mai-mai, ba a sirka shi da ruwa. Kuma iska ce ke kai shi kan ganye, ba ƙarfin inji ba."

Baba ya ce, "Kunna."

Mai kanti ya kunna. Abin ya yi wata siririyar ƙara kamar sauro a cikin tulu. Baba ya rufe ido ya karkata kai, ya saurara har mai kanti ya fara jin tausayin batirinsa. Sannan ya karɓi sandar da hannun dama, ya ɗaga ta sama, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki." Ya juyo wajena, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Malam, me ka gani?"

Abin da na gani shi ne ya ɗaga ta da hannu ɗaya. Na ce, "Baba, ni ma ƙarar ta yi mini."

Mai kanti ya ga ciniki ya faɗa, sai ya canza baki ya fara yabo. Ya ce, "Ga shi kuma ba ruwansa da hannu bi..." Na tari numfashinsa da ƙarfi na tambaye shi ko yana sayar da irin tumatir. Ya ce yana sayarwa. Na sayi ƙulli biyu. Ban taɓa noman tumatir ba, kuma har yau ban fara ba.

Washegari da safe, bayan raɓa ta bushe, aka yi gwajin farko. Na dawo don in ga yadda za a ƙare. Mun ɗaure sandar a jikin gora don ta kai saman lemo. Baba ya ɗebi busasshiyar ƙasa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, ya tsaya ta inda take fitowa, ya kunna, ya bi sahun yana tafiya a hankali. Ba a ga komai ba. Ganye bai jiƙe ba, ƙasa ba ta jiƙe ba.

Surukata, wadda muke kira Inna, tana leƙe ta saman danga. Ta ce, "An fara ne?"

Baba ya ce, "An gama sahu ɗaya."

Ta ce, "To ina maganin?"

Ya sa aka kawo masa madubinta, ya ajiye a gindin bishiya, ya sake wucewa. Da aka ɗauko madubin sai ga ɗigo-ɗigo ƙanana kamar an hura masa numfashi. Inna ta duba ta ce to, a wanke mata madubinta da sabulu.

Kwana uku bayan nan baƙaƙen ƙwarin suka bushe. Amma tohon lemo ba ya fitowa lokaci ɗaya, kuma duk sabon toho da sababbin baƙinsa, don haka aikin ya zama na kowane mako. Nan maganar batir ta taso. Takwas ɗin farko sun yi safiya biyu. A ta uku, yana tsakiyar sahu, Baba ya tsaya ya kashe. Ya ce murya ta faɗi. Ni kunnena bai ji wani bambanci ba, amma da ya sake kunnawa na ga maganin yana fita da ƙyar, manya-manyan ɗigo suna faɗowa kan hularsa.

A lokacin kaya sun yi tsada, batir ya zama abin da ake saye bibbiyu, ba takwas-takwas ba. Baba ya fara da na tocilarsa. Ya bi da na tocilar zaure. Daga nan ya waiwayi rediyon Inna, mai cin batir huɗu, wanda take jin zaɓen gaisuwa da wasan kwaikwayo da shi kowace la'asar. Karo na farko ta ƙyale shi. Karo na biyu ta kunna rediyo ta ji mai gabatarwa yana magana kamar daga ƙasan rijiya. Daga ranar ta riƙa cire batiranta tana ɓoyewa a cikin tukunyar daddawa.

Kowa a ƙauyen yana da dabarar farfaɗo da mataccen batir. Wani ya ce a shanya a rana a kan kwano. Wani ya ce a cije shi ta gefe. Wani ya ce a huda a ɗura ruwan gishiri. Baba ya ce duk wannan jahilci ne, sannan ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. In ka shiga gidan da hantsi sai ka ga batura a jere a kan rufin ɗakin kaji, wasu da shatin haƙori. Sukan yi ɗan ƙarfi na bishiya biyu ko uku, su sake kwantawa.

Sai saƙo ya zo mini ta bakin matata. "Inna ta ce in gaya maka, tunda kai ka kai shi ya sayo abin, ka nemo masa abincinsa."

Asabar ta gaba na je na durƙusa a zaure, muka gaisa, muka kalli ƙasa. Can Baba ya dubi bango ya ce, "Batirin tocila ƙarfinsa ɗaya da rabi ne. Takwas, sha biyu ke nan. Na mota ma sha biyu ne." Bango bai amsa ba, don haka na ce, "Haka ne, Baba."

Akwai wani maƙwabcinsa direba da ke jan bas daga Tiga zuwa Tudun Wada har Doguwa. Yana da tsohon batir wanda ya daina iya tada mota amma bai mutu ba. Da na je masa da maganar ya ce in ɗauka, ba ya son komai, in mangwaro ya nuna ya san hanyar gidan. Ya kuma ɗauki nauyin caji: kowace Alhamis zai haɗa shi a motarsa ya je Doguwa ya dawo, ran Juma'a da yamma ya sauke mana shi a ƙofar gida. Batirin nan ya ratsa dajin Falgore sau da yawa a daminar. Ni a lokacin ban taɓa wuce Tudun Wada ba.

Baba ne ya yi haɗin. Ya zazzage sandar, ya fito da wata waya da ta rage masa tun yana aiki, ya sa bakinta a haƙori yana fere ta da reza. Ina durƙushe ina kallo. Da aka zo murɗa waya a jikin ƙarfen da ke cikin sandar, abin ya ƙi zama. Ya gwada da gwiwa, ya gwada da haɓa. Daga ƙarshe ya ce, "Malam, riƙe nan." Na riƙe, ya murɗa, yatsunmu suna gugar juna, kowa yana kallon wani wuri daban. Da ya ɗora ɗaya bakin wayar a kan batir faifan ya ɗauka da wata murya mai kauri, wadda ba mu taɓa ji ba. Baba ya saurara ya ce, "Yauwa."

Wayar yadi uku ce. Na ce ko a ƙaro tsawo a ajiye batirin a gindin rijiya. Ya ce siririyar waya in ta yi tsawo shanye wuta take yi a hanya. Kuma ba a tsayawa wuri ɗaya da wannan feshin, domin in magani ya taru sai ya ƙona ganye, dole mai feshi ya yi ta tafiya. Ke nan dole batir ya bi shi. Muka dubi batirin mu biyu. Aka aika cikin gida neman gammo, Inna ta aiko da tsohon zane aka naɗe.

Haka muka yi ta yi kowace Asabar. Baba a gaba da gora a hannun dama, gindinta a soke cikin ɗamararsa, hannun hagu a aljihu. Ni a baya, yadi uku, da batirin bas a ka, hannuwana biyu suna tallafe da shi. In ya yi sauri wayar ta ɗame, in na yi sauri ta faɗi ƙasa ya taka. Hirarmu ta ƙaru sosai a wannan lokacin. Yakan ce, "Tafi." Yakan ce, "Tsaya." Wani lokaci kuma ya ce, "Malam, wayar."

Dangar lambun ta ɓangaren hanya gajeriya ce, masu wucewa suna ganin mu. Abin da suke gani shi ne tsoho marar lafiyar hannu, da waya ta fito daga jikinsa ta tafi kan malamin makaranta, ga wata ƙara tana tashi, kuma ba a ga ana fesa komai ba. Ba a daɗe ba labari ya zaga cewa wuta nake sa wa surukina a hannu, wani sabon magani da na karanto a littafi. Wata safiya wani dattijon Bafulatani daga rugar da ke bayan gari ya yi sallama a bakin danga. Ya gaishe mu da kyau, ya naɗe wandonsa ya nuna gwiwarsa da ta kumbura, ya ce shi ma yana so a haɗa shi, ko na ɗan lokaci ne. Baba ya kashe inji, ya dubi gwiwar da natsuwa, ya ce, "Ba mu fara na mutane ba tukuna." Dattijon ya ce in an fara a aika masa.

A Asabar ta biyar ko ta shida Baba ya ce yau har da mangwaro, ya ga wani abu fari-fari a ganyen ƙasa. Aka ƙara wata gorar a kan ta farko. Tun da ya ɗaga na ga kan sandar yana rawa, amma ba wurina ba ne in faɗa. Mun wuce bishiya ta farko lafiya. A ta biyu gorar ta rinjaye shi, ya yi gaba don ya tare ta, ƙafar hagu ta ƙi bin sa, ya yi taga-taga. Wayar ta fizge ni. Batirin ya karkata a kaina. Ɗaya daga cikin murafansa dama ya ɓata tun a wurin direba, tsumma aka cusa a wurin. Na ji wani ruwa ya bi bayan kunnena ya gangara wuya, ya shiga cikin riga. Da farko sanyi na ji.

Ban saki batirin ba, don ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce, "Baba, kamar ruwan ya ɗan zubo."

Ya waiwayo. Ban taɓa ganin ya dube ni a ido ba sai ranar. Ya yar da gorar da injin da komai, ya ce, "Jefar!" Na sauke batirin. Ya damƙi wuyan rigata ya ja ni bakin rijiya yana jan ƙafa, ya fizge rigar ta yage tun daga wuya. Lokacin wurin ya fara zafi kamar an ɗora mini garwashi. Ya ɗauki guga, ya dube shi, ya miƙo mini. Ya ce, "Ja!" Na ja, ya karɓa ya sheƙa mini. Na sake ja, ya sake sheƙawa. Muka yi ta yi, ni ina jan ruwan wankana, surukina yana yi mini wanka, yana ƙwala kira, "A kawo kanwa! A jiƙo kanwa!"

Inna ta fito da gudu da ƙwarya a hannu. Da ta hango surukinta tsaye ba riga sai ta tsaya cik, ta juya baya, ta ƙaraso da baya da baya tana miƙo ƙwaryar ta gefe, tana cewa, "Sannu, sannu," tana fuskantar gwaiba. Baba ya karɓa ya zuba mini ruwan kanwar a wuya da baya, ya ce haka suke yi a wurin aiki in ruwan batir ya taɓa mutum. Ya bi da wasu gugan. Inna ta koma bayan danga.

Da zafin ya lafa muka zauna a kan dakalin rijiya. Sanyi ya kama ni, sai ya cire rigarsa ta sama da ƙyar ya miƙo mini. Na ce a'a, ya ce saka. Da rigar ta bar jikinsa babu sauran aljihu, hannun hagu ya fito fili. Ya rame, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ya ɗauko shi da na dama ya ɗora a cinya, muka kalle shi tare.

Ya ce, "Da yana aiki da gorar nan ba ta faɗi ba."

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Ya ce, "Ba zai dawo ba. Likita ya gaya mini tun ina asibiti." Ya rage murya. "Innarku ban gaya mata ba."

Daga bayan danga Inna ta ce, "Na sani."

Sai ta ƙara da cewa, "Wai baron da ake kwasar taki da shi, wani abu ne ya same shi?"

Baron yana jingine a jikin ɗakin kaji, inda yake kullum. Baba ya ce ƙasar lambun ba ta daidaita ba. Inna ta ce in an ɗauko taki ma ba ta daidaita ba. Baba ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce gammo aka tambaye ta.

Na koma Kiru da rigar surukina a jikina. Matata ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Sai da ta ga wuyana ta daina dariya. Fatar wurin ta saɓule, na yi kwana goma ina juya jiki gaba ɗaya in zan dubi ɗalibi. Wandon da na sa ranar kuwa, da aka wanke shi, ya fito da huji kamar rariya.

Injin bai lalace ba, kwalbar ce kawai ta tsage, Baba ya liƙe ta da narkakkiyar roba. Direba ya samo murfi ya ƙara wa batirin ruwa. Sai dai tura baro ma hannu biyu yake so, kuma gorar ta riga ta nuna ta fi ƙarfin hannu ɗaya. Don haka aka sake tsari. Ni na karɓi gora na shiga gaba. Inna ta ɗaura ɗamara ta kama baro, batir a ciki. Baba yana tafiya a gefen baron, bakin waya a hannunsa, shi ke ɗorawa a kan batir shi ke ɗagewa, shi ke duba iska. Yanzu wayar yadi uku tsakanina da surukata take, abin da ya fi na da wuya. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Takan ce wa Baba, "Ka ce masa ya rage sauri." Baba ya ce, "Malam, ka ji." Mangwaro kuwa ba a sake yi masa magana ba, kuma ya yi 'ya'ya a lokacinsa kamar yadda ya saba.

Ƙwari suka ja da baya, ganye ya yi duhu, lemo ya ɗaure 'ya'ya har wasu rassan sai da aka tokare su. Bayan an gama girbin dawa aka aiko in zo, lemo ya nuna. Na tarar an shimfiɗa tabarma a lambu. Baba ya tsinko na farko da kansa, Inna ta fere ta yanka, aka ajiye mini nawa a faranti. Na yi bisimilla na kai baki.

Idanuna suka rufe da kansu. Haƙorana suka mutu nan take. Na haɗiye, na ce, "Masha Allahu."

Inna ta lasa ta ajiye, ta tafi neman ruwa. Baba ya shanye nasa duka, a hankali, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya sa na tsinko daga kowace bishiya, ya ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen sahu na biyu. Biyu ne kawai masu zaƙi. Ya tashi ya je ya durƙusa a gindin wata, ya daɗe yana duba ɓawonta. Ya ce dashen da ya saya masu aure ne, wato an ɗaura reshen mai zaƙi a kan gindin mai tsami, to auren ya mutu tun suna ƙanana, gindin ne ya yi toho ya girma, shi kuma bai lura ba. Shekara biyar yana ba shi ruwa.

Inna ta dawo ta ce zai yi kunun gyaɗa, kuma zai wanke tukunya. Baba ya ce haka ne.

Ya dawo ya zauna, ya goge hannu a gwiwa. Ya ce, "In ruwa ya kusa sai mu sare su, mu sake yi musu aure da reshen waɗancan biyun. Aikin hannu biyu ne, Malam. Ka zo da wuƙa mai kaifi."

Na ce, "To, Baba."

Da bazara ta yi na sayi wuƙa a kasuwar Dangora na kai masa. Ya gwada ta a gashin hannuna ya ce ba ta da kaifi, ya sa na zauna a bakin rijiya ina wasa ta a dutse har azahar.